Diddigen Inna

Ni ce na sayi katifar. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, don in na yi shiru Goggo za ta riga ni, kuma ita in ta ba da labari sai ta ƙara gishiri. Katifa ce mai kauri, irin wadda in ka zauna a kanta sai ta haɗiye ka har ƙugu. A saman mota na ɗauro ta tun daga birni har ƙauyenmu da ke gefen Kwanyawa, ina ta jin daɗin kaina a hanya. Innata ce ta karye, ni kuwa auta ce, to wa zai fi ni rawar ƙafa?

Karayar ba dogon labari ba ce. Bikin suna suka je Yammedi, da aka dawo tana saukowa daga babur gefen zaninta ya maƙale, ta dira a kan ƙafar hagu a karkace, ƙashin ƙwaurinta ya karye ɗan sama da idon sawu. Yaya, wanda shi ne babbanmu kuma shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ya kai ta asibiti aka ɗauki hoto, aka ɗaure ƙafar da filasta tun daga yatsu har gwiwa. Da lokaci ya yi aka sake hoto, aka yanke filastar, likita ya ce ƙashi ya kama, abin da ya rage ta riƙa takawa kaɗan-kaɗan da sanda, kullum ana ƙarawa. Ina tsaye aka yi wannan magana. Na gyaɗa kai, har na jefa wa likitan tambaya biyu da Turanci don ya san ba da jahila yake magana ba. Muka dawo gida muka kwantar da ita a kan katifa.

Kada wani ya ce mugunta ce. A wurinmu, tsohuwar da ta haifi maza suka girma, ga suruka a gida, in aka gan ta tana ɗingishi da sanda za ta ban-ɗaki, ba ita za a zaga ba, 'ya'yanta za a zaga. Ga kuma masu dubiya. Daga Karaye a zo, daga Rogo a zo, kowa ya zauna ya yi addu'a, in zai tashi sai ya bar mana wasiyya: kada a bari ta taka, ƙashin tsoho ba ya son garaje. Yaya ya ji wannan magana sau ba adadi har ta zauna masa, sai ya kafa doka, ya ce ko tsinke kada Inna ta ɗaga. Matarsa, baiwar Allah, ta ɗauki dokar da hannu biyu. Ruwan alwala a kawo mata har katifa da tasa, salla a zaune, ban-ɗaki a ɗauke ta cak mutum biyu. Ni kuma daga birni kullum sai na buga waya na tambaya, ba ta dai taka ba ko? A ce mini ba ta taka ba, in ce madalla.

Abin da ya ƙara ɗaure lamarin shi ne Yaya ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, sai dai ta ce wancan. In ya zo gaisuwa da safe ya durƙusa a ƙofar ɗaki, bango take kallo ta amsa, a taƙaice, kamar tana amsa wa wanda ya zo karɓar aron magirbi. Ba ta yi masa faɗa, ba ta roƙonsa komai, ba ta musa masa. Haka ta taso ta ga ana yi, haka ta riƙe. To dokar da ɗan fari ya kafa, a gaban wa za ta ɗaukaka ƙara? Ga katifa kuma kyautar auta ce, ba ta iya cewa a fitar. Sai ta kwanta ta yi shiru.

Wanda bai san Inna da ba, ba zai gane abin da shirun nan yake nufi ba. Ita ce uwar daɓe a yankinmu. Kafin siminti ya cinye gari, duk ɗakin da aka gina sai mata sun taru sun yi masa daɓe: a zuba burji a baje, a yayyafa ruwa, a durƙusa a jere kowa da madaɓinta na icce, a yi ta duka ana waƙa har ƙasa ta haɗe, sannan a bi da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ya sa ta yi ja ta yi sheƙi ta yi tauri. Inna ce ke cewa a ƙara ruwa, ita ke cewa a koma waccan kusurwar. Kuma tana da gwajinta da ba ta yarda da na kowa ba sai shi. In an ce an gama, sai ta shiga tsakiyar ɗaki ta kafa diddigen hagu, don bahaguwa ce, ta ɗaga ɗayar ƙafar, ta ɗora dukan nauyinta ta murza. In diddigen ya bar gurbi, daɓe bai yi ba, kowa ta koma ta durƙusa ko da rana ta faɗi. Na tashi ina jin mata suna tsine wa diddigen nan a ɓoye, suna kuma aiko mata da goro a fili.

Ni kuma boko ta ɗauke ni. Lokacin ina karatun digiri na biyu, aikina a ɗakin gwaji ne, ina kiwon ƙwayoyin halitta, waɗannan ƙananan abubuwa da aka gina jikin mutum da su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Kiwo ne sosai, don sai ka ba su abinci a kan lokaci, ka tsare musu ɗumi, in ka yi sakaci su mutu su bar ka da jin kunya. A 'yan ƙananan faranta muke zuba su, a kan wata shimfiɗa da muke haɗawa da kanmu mu bari ta kafe. Wata mu yi ta da taushi kamar kindirmo, wata da ƙarfi kamar awarar da aka danne da dutse ta kwana. Abinci ɗaya, ɗumi ɗaya, shimfiɗar kaɗai ta bambanta. Abin da nake bi ke nan, kuma wallahi ina son aikin nan kamar me.

Da bazara na samu hutu na zo gida. Ina isa na wuce ɗakin Inna. Zafi ake yi kamar a gasa gurasa, ga Inna a nutse cikin soso, bayanta duk ƙuraje. Ƙafar hagun ta tsotse ta koma siririya, ta dama ma ta fara binta. Ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. Na shigo da gyale sabo mai kalar da na san ba ta so, na yi shirin shan tsiya, amma ta dube ni ta ce sannu da hanya kawai. Matar da ko ɗaurin kallabina ba ya wuce ta. A ranar na ji tsoro na gaske, tsoron cewa Inna ba za ta sake tashi ba, kuma ba karayar ce za ta hana ta ba.

Goggo tana nan, ta zo daga Ruwan Bago jinya. Ƙanwar Baba ce, don haka tsakaninta da Inna wasa ne tun suna amare, ba ta raga mata. Ita ce ta ce in daina tsayuwa kamar an dasa ni, in zauna in nuna musu abin da nake yi a birnin da har ya hana ni aure. Don in kawar da zancen auren na ciro waya na buɗe hotunan aikina.

Na fara nuna musu na shimfiɗa mai taushi. Ƙwayar ta dunƙule wuri ɗaya, kamar ƙwallon fura, ba hannu ba ƙafa. Sannan na nuna ta kan mai ƙarfi: ta baje, ta miƙa 'yan yatsu ko'ina ta kama, har ana ganin zaruruwa a cikinta sun miƙe sun ɗaure. Na ce musu ƙwayar ba ta da ido, amma tana gane inda aka ajiye ta. Kamawa take yi ta ja. In wurin ya biyo ta, sai ta saki ta haƙura. In ya ƙi biyo ta, sai ta ƙara kamawa ta ƙara ƙarfi. Na ce har akwai wasu da muke samowa daga ɓargo, waɗanda ba su riga sun zama komai ba, in aka ajiye su a taushi sai su karkata su zama kitse, in aka ajiye su a tauri sai su karkata su zama ƙashi. Da bakina ya buɗe ban tsaya nan ba, na ƙara da cewa ƙashin mutum ma akwai masu sauraro a cikinsa, in suka ji nauyi su ƙara gini, in suka daɗe ba su ji ba su fara rage shi.

Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta kai ta kusa da fuska, ta nisanta, ta sa na koma hoton farko, ta sa na dawo na biyu. Rabon da in ga idonta ya tsaya a kan abu haka tun kafin karayar. Can ta ce, ashe su ma diddige suke sawa. Na yi dariya na ce ƙwarai kuwa, gwajinta suke yi. Sai ta ajiye wayar a kan cinyarta ta dube ni sosai.

"To ke da kika san wannan, Auta, me na yi miki kika shimfiɗa ni a kan kindirmo?"

Goggo ta faɗi gefe tana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, ina cewa ai ba daidai ba ne a haɗa, abin da ke faruwa a faranti daban, na jikin mutum daban, kuma ba taushin katifa ke rage ƙashi ba, rashin tsayuwa ne. Gaskiya na faɗa, malamina ma da ya ji zai ce na yi daidai. Inna ta ce ita ba ta yi boko ba, amma a tsakanin katifar da rashin tsayuwar wanne ne ba ni na kawo ba? Kunya ta ishe ni, amma a ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne ya cika ni, don tsiyar da na zo nema ce na samu.

Washegari na ɗauki hotunan ƙafar na koma wurin likitan. Wannan karon bai jira Turancina ba, ya wanke ni tas da Hausa, ya ce ƙashi ya daɗe da warkewa, mu ne ciwon. Ya nuna mini yadda za a fara. Na dawo da zafina zan tunkari Yaya, Inna ta ce in na kuskura na yi wa wancan rashin kunya a kanta ba ta yafe ba. Ta ce abu ɗaya zan gaya masa: daɓen rumfar ƙofar ɗakinta ya farfashe, ta ji ana zancen siminti, ita ba ta so, daɓe take so a yi mata irin na da. Na kai saƙo, na haɗa da abin da likita ya ce, cikin ladabi iyakar iyawata. Yaya ya ce maganar likita ya ji, amma shi tsoro yake ji, in ta sake faɗuwa da wane ido zai kalli mutane? Daɓe kuwa a yi mata, da sharaɗin tana zaune.

Kafin a tara burji a jiƙa makuba an ɗauki kusan mako uku, mu kuma ba mu zauna ba. Da Yaya ya fita sharar gona, sai mu jingine katifa a bango mu shimfiɗa tabarma. Matar Yaya ce mai gadin zaure, don tun ranar farko ta shigo cikinmu, ta ce ita ma bayanta ya gaji da ɗauka. Ni da Goggo mu kama Inna mu tsayar. Ranar farko ko ƙirga goma ba a yi ba ta zauna tana haki. A hankali ta fara bin bango, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa randa, da sandar Baba a hannu. Sai dai abu ɗaya ya ƙi. Da yatsu take taka ƙafar hagun, diddigen a sama, kamar mai tsoron ƙaya. In na ce ta sauke shi sai ta ce to, ta sauke ya kusa taɓa ƙasa, ta janye. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na sake ciro hotunan, ta ce in mayar da tsiyata aljihu. Wata rana da muka rage mu biyu ta gaya mini a hankali cewa har yanzu tana jin ƙarar da ƙashin ya yi ranar nan.

Ranar daɓe gidanmu ya cika tun hantsi. Tsofaffin unguwa suka zo da madaɓan da suka tono daga ƙarƙashin gado da bayan rumbu, wasu gara ta ɗan taɓa su. Warin makuba ya cika tsakar gida. Matar Yaya ta dafa ɗanwake tukunya guda, ga kunun tsamiya a bokiti. Aka ajiye wa Inna kujera a bakin rumfa, sanda a gefenta, tun kafin a fara ta soma ba da umarni. 'Yan matan yanzu ba su san kan abin ba, kowa duka take yi yadda ta ga dama kamar masu kashe kunama, sai da tsofaffi suka saita su. Da hannaye suka haɗu kuwa, ƙasa ta ɗauki sauti ɗaya, har a ƙirji kake jinsa. Goggo ce ke ba da waƙa, kuma duk baitin da ta ƙirƙira a kaina yake sauka, wai 'yar boko mai kiwon abin da ba a gani, ba nono ba nama. Ana amsawa ana shewa. Kafin azahar tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, ban kuma ajiye madaɓin ba don kada in ƙara mata baiti.

Bayan la'asar daɓe ya kwanta sumul. Yaya ya yi sallama ya shigo da goro da ruwan sanyi, ya tsaya daga bakin zaure tunda taron mata ne. Sai Goggo ta miƙe ta karkaɗe zani, ta ce tunda uwar daɓe ta yi ritaya, yau ita za ta gwada. Ta shiga tsakiya ta ɗan dangwala diddigenta kamar mai taɓa ruwan wanka, ta ce ya yi, kowa ta tashi, a kawo makuba. Na dubi Goggo, ta kanne mini ido.

Inna ta ce diddigen Goggo ko a kan tuwo ba zai bar gurbi ba, kuma tun suna amare ba ta taɓa iya daɓe ba sai cin ɗanwake. Goggo ta ce oho dai, mai iyawar ai tana zaune, a zubo makuba. Wata yarinya ta ɗauko ƙwaryar makubar da gaske. A nan ne Inna ta dafa kujera ta miƙe.

Yaya ya yo gaba da sauri, bakinsa a buɗe, Goggo ta ɗaga masa hannu. Inna ba ta dube shi ba. Bango ta kalla, yadda ta saba, ta ce, "A gaya wa wancan ya matsa, ya tare mini haske."

Ya matsa. Ta ɗauki sandar, ta dube ta, ta miƙa wa matar Yaya, don ba a hawa sabon daɓe da sanda. Ta taka ɗaya da yatsu, ta taka biyu, ta taka uku, ni ina binta a baya hannuwana a buɗe ban taɓa ta ba. Da ta kai gefen ƙofar ɗaki, inda ta san hannu ba ya kaiwa sosai, ta tsaya. Na ga yatsun ƙafar hagun sun ɗaga, diddigen ya sauka. Ta ja numfashi, ta ɗaga ƙafar dama, ta murza.

Da ta janye ƙafar, ga gurbi nan, ɗan rami kamar bakin ludayi.

"Bai yi ba," in ji Inna. "A koma."

Tsofaffi suka yi guɗa, 'yan mata suka yi ƙorafi don hannayensu sun mutu, Goggo tana cewa ai ga irinta nan, mugun diddige ya dawo. Ni kuwa ina durƙushe a gaban ɗan ramin nan ina kuka kamar yarinya, don na san nauyin da ya yi shi. Duk Inna ce a ciki, ba sanda, ba bango, ba hannun kowa. Na waiga wajen zaure na ga Yaya ya juya baya yana goge fuska da hularsa, sannan ya fita. Inna ta ce kukan me nake yi, in ɗauki madaɓi.

Na ɗauka, na ce wannan gefen nawa ne. Na daki gaban ramin, na daki bayansa, na daki hagu da dama, amma ramin na rufe shi da gefen zanina har aka zuba makuba aka tashi. Da daɓen ya bushe ya yi ja ya yi tauri, ramin ya kafe a wurin. Inna ta fito ta gan shi, ta tambayi wadda ta yi nan, Goggo ta ce 'yar boko ce. Ta daɗe tana kallonsa. Uwar daɓe guda, ga aibi a ƙofar ɗakinta. Ta ce a bar shi, gyaran aikin 'yan boko ɓata lokaci ne.

Katifar Goggo ce ta tafi da ita Ruwan Bago a bayan babur, ta ce ita ba ta ƙi ta zama kitse ba.

Ranar da zan koma birni na fito da safe ina haɗa kaya, sai na ga Yaya ya zo gaisuwa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin inda ya saba, ya yi sallama. Bai san ina kallo ba. Na ga ya miƙa hannu ya sa babban yatsansa a cikin ramin, ya bar shi a nan yana jiran a amsa. Ba a amsa ba. Matarsa ta leƙo daga madafa ta ce masa ai Inna ta fita tun ɗazu, maƙwabta sun ce a zo a duba musu burji.